Yadda za ka kalli katun ɗin Charlie Brown kafin ka tsoma baki a musun masoyansa

Masoyan Peanuts, wato labarin Charlie Brown da karensa Snoopy, ba su taɓa haɗa baki a kan katun ɗin da ake yi wa talabijin ba, kuma musun nan ya girmi da yawanmu don tun 1965 ake fama da shi. Wasu su ce zanen jarida shi ne asali duk abin da ya biyo baya neman kuɗi ne kawai, wasu su ce ai ba don talabijin ba da ba su ma san da zaman yaron ba, wasu kuma sun yarda da na farko-farkon amma ko kallon sababbin ba sa son yi. Mu nan Kano yawancinmu ta baya muka shigo maganar, hoton Snoopy muka fara gani a jikin rigar gwanjon Ƙofar Wambai ko jakar makarantar yara tun kafin mu san yana da labari, shi ya sa za ka ga mutum ya kalli minti biyar ya kashe ya ce wannan ai ba komai a ciki, ba gudu ba duka ba dariya. To ɗan'uwa akwai abu a ciki sosai, sai dai akwai yadda ake shigarsa, kuma shi nake so in nuna maka.

Kada ka fara da katun ɗin. Na san abin da kake so ka danna ke nan amma ka yi haƙuri ka fara da takarda tukunna. Wanda ya ƙirƙiri Peanuts sunansa Charles Schulz, mutumin jihar Minesota a Amurka, zanen ya fara fitowa ranar 2 ga Oktoba 1950 a jaridu bakwai kacal, kuma shi kaɗai yake zanawa shi yake rubuta maganganun da hannunsa ba wani yaro mai taya shi, kullum kullum har kusan shekara 50, jimilla zane 17,897. Ya rasu ranar 12 ga Fabrairu 2000, na ƙarshen ya fito a jaridu washegari. Lokacin da abin yake tashe jaridu wajen 2,600 ne ke bugawa a ƙasashe 75. Duk wanda ya yi irin wannan zaman a kan abu ɗaya ya cancanci a karanta shi kafin a yanke masa hukunci da abin da wasu suka motsa a allo.

Samun zanen ba wuya, shafin GoComics na saka shi a intanet kuma ba ya cin data, hoto ne ƙarami baƙi da fari. Ka nemi na tsakanin 1959 zuwa 1966 don daga nan aka kwashi yawancin abin da ke cikin katun na farko, ka karanta kamar na wata guda a jere, kada ka yi tsalle-tsalle. Turancin mai sauƙi ne, ɗan sakandare zai gane yawancinsa. Za ka ga yawancinsu akwati huɗu ne ƙanana, kuma sau da yawa akwai akwati ɗaya da ba a cewa komai a ciki, yaron yana tsaye kawai yana kallo, to wannan shirun ka riƙe shi da kyau don a kansa rabin musun yake. A nan za ka san mutanen. Charlie Brown yaron kirki da komai ya taɓa sai ya lalace masa, ƙungiyarsa ta besbol ba ta cin wasa, ba mai aiko masa da kati. Lucy mai tsiwa da ta kafa ɗan teburi tana ba da shawara a kan santi biyar, ita ce ke riƙe masa ƙwallo ta ce zo ka buga, yana zuwa da gudu ta janye ya faɗi ta baya, kowace shekara haka kuma kowace shekara sai ya yarda ya dawo. Ƙaninta Linus mai yawo da bargo amma in ya yi magana kamar dattijo. Schroeder da ɗan fiyanonsa. Sai Snoopy wanda ba ya magana, tunaninsa kawai ake rubutawa mu karanta, yana kwance a saman ɗakinsa na katako a tsakar gida.

Babba ko ɗaya ba ya fitowa a zanen. Ba uwa ba uba ba malami a fili, ka lura da wannan ma.

In ka gama wannan sai zaɓen wanda za ka kalla, kuma a nan gara in yi maka bayani a fili tunda mu iyaye ne ko yayye kuma ƙila da yara za a zauna. Mafi shahara uku duk a kan bukukuwan Amurka suke. Na farkon, A Charlie Brown Christmas, wanda tashar talabijin ta CBS ta nuna ranar 9 ga Disamba 1965, na Kirsimeti ne kuma akwai wurin da Linus ya tsaya a kan dandamali ya karanto ayoyi daga Linjilar Luka a kan haihuwar Annabi Isa, wannan shi ne tsakiyar labarin ba abin da za a ce an wuce da gudu ba. Makwabtanmu Kiristoci na Sabon Gari za su same shi daidai da bikinsu, kai kuma musulmi ka san da haka tun kafin ka kunna, ka kalla kai kaɗai ka yanke ko na yaranka ne ko a'a, ba sai ana tsaka da kallo ka fara laluben rimot ba. Na biyu It's the Great Pumpkin, Charlie Brown na Oktoba 1966, wato mai kabewa, a daren Halowin yake, yara na sa kayan dodanni suna bi gida-gida ana ba su alawa. Na uku A Charlie Brown Thanksgiving na Nuwamba 1973, labarin cin abinci ne da baƙin da suka gayyaci kansu, shi ya fi sauƙi a zauna da kowa. Akwai kuma Charlie Brown's All Stars! na 1966 wanda wasan besbol ne zalla ba biki a ciki. Ni in za ka bi tawa ka fara da na 1966 mai kabewa kai kaɗai, da yara kuma na 1973.

Kowanne bai wuce minti 25 ba, saboda haka maganar wuta ba matsala ba ce, cajin waya ya isa, amma in da hali ka saka a talabijin ko kwamfuta kuma ka sa abin ji a kunne ko sifika mai kyau, don sautin rabin aikin ne. Tun 2020 Apple ne ke riƙe da haƙƙin nuna su, bayan CBS ta yi ta nunawa har 2000 sannan ABC ta karɓa, kuma komawar hannun Apple ɗin ma sai da ta tayar da ƙura a Amurka don mutane sun saba gani kyauta duk shekara, har sai da aka bar tashar PBS ta nuna a 2020 da 2021. Akwai guntaye a tashar Peanuts ta YouTube, akwai kuma tsofaffin faifan DVD. Abin da kawai zan roƙe ka, ka guji kwafin da aka yayyanke ko aka ƙara wa gudu, irin wanda murya ke fita siririya, don in aka taɓa tafiyar katun ɗin nan an kashe shi.

Kallon farko kada ka riƙe biro kada ka duba waya, ka saurara kawai. Muryoyin da kake ji na yara ne na gaske, ba manya ke maƙale murya ba kamar yadda aka saba a katun na wancan zamanin, wasunsu ma ba su iya karatu ba tukunna sai da darakta Bill Melendez ya riƙa faɗa musu magana guntu-guntu suna maimaitawa aka haɗa, shi ya sa za ka ji maganar tana ɗan tsattsayawa. Wasu masoya na ganin wannan aibi ne, ni kuwa shi ya fi kama ni, don haka yaro yake magana in ya ɗauko kalmar da ta fi ƙarfin bakinsa. Ba a saka dariyar nan da ake naɗa ana sakawa bayan kowace magana ba, Schulz ne ya ƙi. Kiɗan kuma jaz ne na fiyano, na Vince Guaraldi, abin da ba wanda ya zata a katun ɗin yara. Manyan CBS da suka ga na 1965 kafin a nuna ba su ji daɗinsa ba, sun ga ya yi sanyi ya yi jan ƙafa, kuma cikin wata shida aka haɗa shi a gurguje da kuɗin tallan Coca-Cola, amma daren da aka nuna kusan rabin talabijin ɗin da ke kunne a Amurka shi suke kallo, ya kuma ci kyautar Emmy da ta Peabody. To in kai ma ka ji ya yi maka sanyi a minti biyar na farko ba kai kaɗai ba ne, ka dai ƙarasa.

Kallo na biyu shi ne na aiki, a nan za ka samu ra'ayin da yake naka. Tambaya ɗaya za ka riƙe: me takarda ta ɓoye wanda allo ya tilasta a bayyana, kuma da aka bayyana ɗin an ƙaru ko an yi asara? Duk wanda ya taɓa karanta littafin Hausa ya ƙaunace shi sannan aka mayar da shi fim ya san ciwon nan, kana da fuskar jarumar a ranka shekara da shekaru sai ga wata daban an kawo, ko da ta fi kyau sai ka ji ba ita ba ce. Haka abin yake a nan.

Duba Snoopy. A jarida tunaninsa ne abin dariyar, a allo aka rasa yadda za a yi da tunanin sai aka bar shi ba magana, gurnani da ihu kawai wanda Melendez da kansa ya yi aka ƙara wa gudu, sai aka mayar da ƙarfinsa kan motsi da rawa. Masu cewa an yi asara suna da gaskiya, an rasa kare mai dogon tunani. Amma kalli wurin da ya hau saman ɗakinsa a na 1966 mai kabewa yana ganin kansa matuƙin jirgin yaƙin duniya na ɗaya, launin sama na canzawa, sannan ya bi dare yana ratsa karkarar Faransa a cikin tunaninsa ba kalma ko ɗaya, wannan takarda ba za ta iya ba. Garfield, magen nan na wani zanen jarida, da ya zo talabijin a 1982 wata hanya aka bi masa, aka ba shi murya muna jin tunaninsa bakinsa a rufe, in ka kalli biyun za ka ga kowace hanya da abin da ta ci da abin da ta zubar. Manya kuma da ba sa fitowa a zanen, tun 1967 aka riƙa yi wa malamar aji murya da ƙahon bature da aka toshe bakinsa, wa-wa-wa kawai kake ji yaran na amsawa, dabarar da kusan kowa ya yarda ta yi.

Inda musun ya fi zafi shi ne yarinya mai jan gashi. Charlie Brown yana sonta daga nesa, yana zaune shi kaɗai lokacin tara yana cin burodinsa yana hangenta bai taɓa iya yi mata magana ba, kuma Schulz bai taɓa zana fuskarta a jarida ba, sau ɗaya aka ga inuwarta a 1998. Abin yana da tushe a rayuwarsa, akwai wata mai jan gashi da ya nema da aure ta auri wani. Sai ga katun na 1977, It's Your First Kiss, Charlie Brown, an nuna ta ƙiri-ƙiri har da suna Heather. Masoya da yawa har yau ba su yafe ba, shi kansa Schulz bai ɗauki abin da ke faruwa a talabijin a matsayin asalin labarin ba, jarida ce asali a wurinsa. Ni ina tare da masu fushin, wallahi, don yarinyar nan kowa da tasa a ransa, da aka zana ta sai ta zama ta mutum ɗaya. A cikin wannan katun ɗin dai Lucy ta riƙa janye ƙwallo ana tsakiyar wasa na gaske aka ci su, sannan aka ɗora wa Charlie Brown laifi, masu kallo suka yi ta ƙorafi don zaluncin ya wuce wanda aka saba. Haka a na 1981, It's Magic, Charlie Brown, an bar shi ya bugi ƙwallon saboda ya zama ba a ganinsa, abin da Schulz bai taɓa bari ya faru a jarida ba cikin shekara 50. In kana son ka gane ɓangaren da mutum yake, tambaye shi ko ya ji daɗin wannan bugun.

Sai maganar Franklin, wadda mu baƙar fata ta fi shafa kuma ita za a fi jefo maka. Franklin yaro baƙi ne da ya shigo zanen ranar 31 ga Yuli 1968, watanni kaɗan bayan kisan Martin Luther King, bayan wata malamar makaranta a Los Anjalas, Harriet Glickman, ta rubuta wa Schulz wasiƙa tana roƙon ya saka yaro baƙi. An samu masu jarida a kudancin Amurka da suka nuna ba sa so a nuna shi aji ɗaya da farare, Schulz bai janye ba. To a katun na 1973 wurin cin abinci a tsakar gida sai ga Franklin shi kaɗai a gefe ɗaya na teburi a kan kujerar shan iska, sauran duk suna ɗaya gefen da kawunan teburin. Hoton nan ya yi ta yawo a 2018 ana cewa wariya ce. Yadda za ka yi da wannan, kada ka tsaya kan hoto ɗaya kuma kada ka ce ba komai ba ne, ka kalli wurin gaba ɗaya ka ga yadda ake mu'amala da yaron, ka haɗa da tarihin shigowarsa, sannan ka faɗi abin da ka gani. Ni a ganina zaman bai yi kyau ba ko da ba da niyya aka yi ba, kuma mutumin da ya tsaya wa Franklin a 1968 ba a yi masa adalci ba in an taƙaita shi a wannan hoton. A 2024 an yi wani sabo, Welcome Home, Franklin, inda aka sake teburin aka kira shi ya zauna cikin abokansa. Wani ƙaramin musu kuma a wannan na 1973, a ƙarshe Woodstock, ɗan tsuntsun nan abokin Snoopy, ya zauna yana cin naman talo-talo, tsuntsu na cin tsuntsu, furodusa Lee Mendelson ma bai so ba amma aka bar shi. Yara kan lura da wannan kafin manya.

Akwai kuma masu raba su da zamani, su ce daga rasuwar Guaraldi a 1976 ɗanɗanon ya tafi, wasu su ja layin a rasuwar Schulz, fim ɗin sinima na 2015 da aka yi da kwamfuta kuma wasu sun yaba yadda ya kwaikwayi rawar layin hannun Schulz wasu suka ce ya cika daɗin ƙarshe. Ba dole ka kalli duka ba, sun haura 40, uku ko huɗu daga zamani daban-daban sun isa ka yi magana da hujja. In an kawo maka misalin Calvin and Hobbes, wani zanen jarida, wanda mai shi Bill Watterson ya ƙi yarda sam a motsa zanensa har ya daina a 1995, ka san cewa hujja ce mai ƙarfi ta masu cewa a bar takarda a takarda, amma ka tuna Schulz shi da kansa ya rubuta labarin katun ɗin da aka yi yana raye, ba ƙwace masa aka yi ba.

In ka zo faɗin ra'ayinka, a majalisa ne ko wajen mai shayi ko cikin abokai a waya, ka ambaci wuri takamaimai, kada ka ce kawai ya yi kyau ko bai yi ba. Misali ni abin da ya sa na 1966 ya fi min duka: Linus ya kwana a gonar kabewa yana jiran wani abu da shi kaɗai ya yarda zai zo, kowa na masa dariya, yayarsa Lucy ta fi kowa zaginsa, amma ƙarfe huɗu na asuba ta tashi ta ga gadonsa ba kowa, ta fita cikin sanyi ta same shi yana rawar ɗari a ƙasa, ta jawo shi gida ta cire masa takalmi ta lulluɓe shi, ba ta ce uffan ba. Duk wanda ya tashi da yaya mace mai faɗa ya san wannan. Kuma a daren ne Charlie Brown duk gidan da suka je sauran yara su samu alawa shi a jefa masa dutse a jaka, abin ya taɓa masu kallo har suka riƙa aiko da alawa ta gidan waya wai a ba shi. Irin wannan in ka kawo, ko wanda bai yarda da kai ba zai tsaya ya ji. Ka kuma bambance abin da ba ka so da abin da ba a yi daidai ba, zanen na 1965 yana da kurakurai na gaggawa da Melendez kansa ya sani, launi na canzawa motsi na tsalle, wannan aibi ne na aiki, amma rashin gudu da yawan shiru da gangan aka yi, in bai yi maka ba ka ce bai yi maka ba. Wanda kuma ya ce katun na yara ne me babba zai tsaya yi da shi, kada ka yi fushi, tura masa zanen jarida guda biyar ka ƙyale shi.

In da yara ka kalla, ka zauna kusa ka riƙa fassara musu a taƙaice amma kada ka cika wuraren shirun da surutu, bar su su kalli fuskar yaron. Wasu kalaman da yaran cikin katun ɗin ke jefa wa juna na raini ne, Lucy musamman, ka gaya musu ba abin ɗauka ba ne. Bayan an gama ka tambaye su wa ya fi ba su tausayi, kuma da su ne Charlie Brown za su sake zuwa bugun ƙwallon ko a'a, za ka ji amsoshi sun rabu, wani ya ce wauta ce wata ta ce ai alƙawari aka yi masa. Sannan ka ba su takarda da fensir su ja akwati huɗu su zana abin da ya faru da su a makaranta ko islamiyya yau, da sharaɗin akwati ɗaya ba magana a ciki kuma ba a zana babba ko ɗaya.